Ka Busa Tun Daga Nesa

Zugu, cikin damina, bayan maimai.

Zuwa ga Autana Haruna, a Zariya.

Da sunan Allah nike farawa. Gaisuwa mai yawa, da fatan wagga takarda ta iske ka lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare wanda ke tafiya gabanka shi ma. Innarka na gaishe ka, yayyenka na gaishe ka. Ka san ban iya riƙon alƙalami ba, Malam Sule na firamare ke rubutawa, ni ina zaune bisa buzuna ina faɗi. Na ce mashi in ya gyara mani magana ta koma irin ta rediyo, zan gane ranar da ka karanta mani ita. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Takardarka ta zo ta hannun direban motar Gummi. An karanta mani cewa ka ƙare koyo, an ba ka mataimakin direban jirgin ƙasa, kuma Ikko za a tura ka, jirgin da ke kwasar ma'aikata safe da yamma. A ƙarshe ka ce, "Baba, har yau ba ka ce ka yarda ba." Gaskiya ne, ban ce ba. Ranar da ka tafi ma ban yi maka rakiya ba, na saɓi fartanya na yi gona, alhali babu abin nomewa.

Na tambayi fataken Gummi masu kai shanu Ikko. Sunka ce mani a wasu unguwannin mutane na baza tumatir da gwanjo bisa dogo, jirgi ya taho su janye, ya wuce su mayar. Masu zuwa aiki kuma tsakiyar dogon suke bi, don ya fi hanya rashin taɓo. Wanda ke ba ni labarin dariya yake yi. Ni tun ranar tuwo bai wuce mani maƙogwaro da daɗi ba. Shi ya sa na kira Malam Sule. Abin da ya kamata ka ji tun kana gida, ga shi za ka ji a takarda.

Ka san na yi aikin reluwe zamanin Turawa, kuma ka san abin da nike gaya wa mutane, wai hayaƙin kwal ya ɓata mani ƙirji shi ya sa na dawo. Ƙirjina lafiyarsa lau. Ka gan ni ina huɗa tun safe har azahar.

Cin rani ya kai ni Gusau. Na yi dakon gyaɗa a tasha, daga nan anka ɗauke ni gugar kan jirgi, daga baya na zama fayaman, wato mai zuba wa wuta kwal da shebur. Hanyarmu Zariya zuwa Ƙaura, jirgin fasinja mai tsayawa kowace tasha. Maigidana direba sunansa Yakubu, mutumin kudancin Zariya, gajere, mai son barkwanci. Bai taɓa kirana da sunana ba, Bazamfare yake ce mani. Ranar farko ya ce, "Bazamfare, duba ko'ina cikin ɗakin nan, nemo mani sitiyari." Na duba na duba. Ya ce, "Babu. Mai mota na kaucewa, mai keke na kaucewa, jaki ma na kaucewa. Mu inda ƙarfe ya nufa nan muke zuwa. In na ja birki yanzu, sai ka karance Fatiha ka bi ta da Ƙulhuwallahu ba mu tsaya ba." Na ɗauka ba'a ce irin tasa, na yi dariya.

Wanga shi ne kuskurena na farko. Na zaci aikin wuta ne da ƙarfe, in ka iya su ka gama. Ina taƙama da damtsena, ina taƙama da yadda yara ke ɗaga mani hannu. Haruna, naka kan jirgin mai yake sha, babu shebur, an ce har kujera gare ku. Amma tambayi wanda ya koya maka ko an sa mashi sitiyari. Ka shiga aikin da sanin cewa akwai ranar da za ka hangi mutum a gabanka, ka yi duk abin da anka koya maka daidai, kuma ba za ka tsaya ba. Wanda ya shiga da sanin haka ya fi wanda abin ya zo wa ba shiri.

Ranar da tawa ta zo damina ce kamar yanzu, da hantsi. Mun baro Gusau mun nufi Ƙaura. Ka san yadda damina take ga makiyaya: dawa ta rufe ko'ina, kowa ya shinge gonarsa, har burtali an cinye. Filin da ya rage masu shi ne gefen dogo, can suke bi da shanu. Mun sha wata kwana muna gangarowa, Yakubu ya rage tururi, jirgi na tafiya da kansa, kusan ba ƙara. Sai ga garke na ƙetare dogo. Uwar garke ta riga ta haye, sauran na bin ta a jere, kai a ƙasa, saura kaɗan. Makiyayin saurayi ne da malfa, ya riga ya sauka wancan gefen, ya ba mu baya.

Igiyar jiniya na rataye tsakanina da direba, kowa na iya kai mata hannu. Yakubu ya kama birki, na ji ya ce, "Bar jiniya!" Amma hannuna ya riga shi. Na ja ta, na riƙe, ban saki ba.

Ni ɗan Zugu ne. Da ɗiyan Fulani na tashi, na sha nono a ruga, na san saniya. Na san in garke na bin uwarsa ba a yi mashi ihu, don wadda ta firgita baya take komawa, inda ta fito. Na san haka tun ban yi kaciya ba. Amma ranar ban tuna ba. Shanun da sunka haye sunka juyo, waɗanda ba su haye ba sunka danno, duk sunka cure bisa dogo. Saurayin ya waiwayo. Ya riga ya tsira, Haruna, ƙafarsa na cikin ciyawa. Ya dawo da gudu ya hau dogon, ya tsaya tsakaninmu da shanunsa, ya ɗaga sanda, yadda suke yi wa kura. Yana kiran wata jar saniya da sunanta. Na leƙa na yi ta ihu, "Kauce! Kauce!" Ko ya ji, ko bai ji ba, Allah ya sani. Bafillace bai gudu ya bar nagge, wato saniyarsa.

To ga abin da za ka riƙe game da jiniya. Ka busa tun daga nesa, tun ba ka ga kowa ba. Kafin kowace kwana ka busa, kafin kowace kasuwa ka busa, ko mutanen unguwa za su zage ka don ka hana su barcin rana. Jiniyar nesa tana ba mutum lokacin tunani. Ta kusa ruɗa shi take yi. Mai kaya a ka bai iya juya wuya, in ka busa a ƙeyarsa duk jikinsa zai juya ya tsaya ya dube ka, tsayuwar nan kuwa ita ce ajalin. Mace mai goyo kuma tana jan wani yaron, in ta firgita ya suɓuce, komawa za ta yi. An ce Ikko babu shanu bisa dogo. Akwai mai tire, akwai mai yaro, akwai wanda takalminsa ya maƙale. Kowa na da naggensa da zai koma wa.

Kuskurena na gaba, na duba. Da Yakubu ya ga babu sauran abin yi, ya riƙe birki ya mayar da fuskarsa ga bango, ya daka mani tsawa, "Juya, Bazamfare!" A raina na ce wanga mutum matsoraci ne. Ban juya ba. Na ga fuskar yaron har ƙarshe. Yana da tsage a kumatu, bakinsa a buɗe, bai ko dube mu da tsoro ba, haushi ne a idonsa, kamar mun shigar mashi gona. Yau gashina ya yi fari, haƙorana sun zube, na mance fuskar uwata sai na yi da gaske nike tuno ta. Tasa ba ta dushe ba ko kaɗan.

In ka busa, an ja birki, abin ya fi ƙarfinku, ka kau da kai ka yi salati. Kallonka ba ya ƙara masa numfashi ɗaya. Kada wani yaro mai zafin kai ya ce maka rashin imani ne. Ni na yi jarumtar, ga ta nan ina ɗauke da ita.

Al'adar aikin a zamaninmu, in an tsaya fayaman da gadi, mai kula da taragu, ke sauka su koma baya su gani. Na sauka. Ba zan sa Malam Sule ya rubuta abin da na gani ba. Na tuɓe rigata na rufa wa yaron. Fasinjoji sunka firfito, wasu na salati, wani kuma na ji shi yana tambayar ko za mu daɗe, yana da kaya a kasuwa. Can sai ga wani dattijo ya ɓullo daga cikin dawa, dogo, siriri, da 'yar butarsa. Uban yaron ne, rugarsu na kusa. Ya ɗaga rigar, ya mayar. Ya ce, "Sambo ne." Bai yi kuka ba. Ya tsaya ya dubi sawun shanun a taɓo, inda sunka haye da inda sunka juyo. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Wa ya yi masu ihu? Ai da sun ƙetare."

Kafin in buɗe baki na ji muryar Yakubu a bayana, ashe ya sauko. Ya ce, "Ni ne, Baffa. Ni ne direba." Dattijon ya dube shi, ya dube ni da ke tsaye babu riga. Ya ce, "To. Kwana ya ƙare. Ku tafi, kun tsayar da mutane." Da ya zage mu, ko ya ɗaga mani sanda, ina jin da na fi samun sauƙi.

Munka hau, na ɗauki shebur na ci gaba da zuba kwal, don wuta ba ta san an mutu ba. A Ƙaura anka yi tambayoyi, anka ce ba laifin kowa. Abokan aiki sunka ce, "An ce kun yi baƙo a hanya." Haka ake faɗi, ba mai cewa mutum, ba mai cewa mutuwa. Anka kawo tuwo, anka yi ta raha, wani tsohon direba ya dafa ni ya ce, "Yau ka zama ɗan reluwe." Na ci tuwon don kada a ce na yi rauni. Washegari munka koma ta wurin. Ruwan sama ya wanke komi.

Shirun nan shi ne babban kuskurena, kuma shi na fi jiye maka tsoro, fiye da ƙarfen. Ni da Yakubu mun ci gaba da aiki ɗaki ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Ban ce mashi na gode ba. Bai ce mani kome ba. Baƙi kuma ba su daina zuwa ba. Akwai wata tsohuwa mai itace, ashe kurma ce, mun busa tun daga nesa har munka gaji. Akwai wani da ya zauna bisa dogo ya naɗe ƙafa yana kallonmu, wannan shi ya zaɓa, amma mu ya zaɓa ya bar wa nauyin. Kowane sai a ce baƙo, a ci tuwo.

Sai Yakubu ya fara jan birki babu dalili. Ya hangi suri ya ja, ya hangi kututture ya ja, inuwar kuka ta gicciye dogo ya ja. Fasinjoji na faɗuwa bisa juna, ana kai ƙara. Mutumin da ke sa mu dariya har ciki ya yi ciwo ya koma bai magana. Anka sauke shi daga hanya anka mayar da shi jan taragu cikin tasha. Ya kama shan burkutu. Ganina da shi na ƙarshe, yana zaune bakin dogo bayan tashar Zariya, duk jirgin da ya taho sai ya miƙe yana kaɗa mashi hula wai ya rage gudu. Na gaishe shi. Ya ce, "Bazamfare, ka ga yaron can?" Na duba inda ya nuna. Babu kowa.

A watan na ajiye aiki na dawo gida, na ce ƙirji.

Sauran kai ma ka sani, don a gabanka anka yi. Ka san abin da yaran garin nan ke kirana. Baba Kauce. In na hangi mutum na tafiya tsakiyar hanya ya ba mota baya, ko keke, ko amalanken shanu, ban san lokacin da ihun ke fita ba. Ka tuna ranar kasuwar Nasarawa da na ture wata mai nono cikin kwata don babur na tahowa, babur ɗin da ke nesa, har mai shi ya tsaya yana dariya? Ka tuna ka dawo daga makaranta da leɓe a fashe, don wani ya ce ubanka taɓaɓɓe ne? Na tambaye ka mi ya faru, ka ce faɗuwa ka yi. Na san ƙarya ce, na ƙyale, don in na tambaye ka gaskiya sai ka tambaye ni tawa.

Innarka ta sha wahalata shekaru. Ba ta san dalilin da ya sa nike barin gida in za a yanka dabba ba, har layya sai ƙanena ya yanka mani. Ba ta san mi ya sa nike tashi in anka kunna injin niƙa ba. Wata rana muna fadama muna cirar shinkafa, shanun Arɗo sunka zo ƙetare hanya, wata mota ta danna masu ham. Na zube cikin ruwa ina rawar jiki kamar mai masassara. Ta ja ni gindin giginya ta ce, "Malam, yau ko ka faɗa mani, ko in tafi gidanmu. Na gaji da zama da mutum biyu, ɗaya ban san shi ba." Na faɗa mata duka. Ta saurara har na ƙare. Ta ce, "Shi ke nan? Wanga abu ka ɓoye mani? Ai da ka kawo mun raba tun da ƙarfinmu." Ita ta ce in riƙa sadaka da sunan yaron. Furar da kake gani ana damawa ranar Juma'a a kai ƙofar masallaci, kana tambaya ta wa ce ana ce maka ta Allah ce, ta Sambo ce. Da tsohuwar, da na zaunen, da Yakubu. Ban warke ba, amma tun ranar nike iya zama a yi hira da ni.

Don haka in taka ta zo, kada ka ci tuwon nan na dole. In sun ce baƙo, kai ka ce mutum. Ka tambayi sunansa in ana iya sani, ka yi mashi addu'a ko wane addini gare shi. Ka dubi direbanka da kyau, in ya ɗauke maka wani nauyi ka gode mashi tun yana gane ka. In ka ga ya fara jan birki don inuwa, kada ka shiga cikin masu dariya, ka zauna da shi. Kada ka kusanci kwalba ko ƙwaya don barci, na ga inda hanyar ke ɓullewa. Kuma kada ka rubuto mani cewa lafiya lau. Ka nemi hutu ka hau mota ka zo. Ba sai ka yi sallama da bayani ba, in na gan ka ba lokacin Salla ba na san mi ya kawo ka. Za mu tafi fadama ni da kai da Innarka.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma sabo ne. Ranar da ka zo da takardar ɗaukar aiki kana murna, ka durƙusa ka ce, "Baba, na gaje ka." Na ce ban yarda ba. Ka ce, "Don mi?" Na ce don ni na haife ka. Ka ce, "Baba, ko dalili ɗaya." Na ce ka tashi ka ba ni wuri. Kalmar nan taka ta gado ce ta tsorata ni, don na san abin da ke cikin gadon, kai ba ka sani ba. Na zaci in na rufe ƙofa da ƙarfi za ka zauna. Ashe taurin kaina ka ɗauko duka, ba ka rage wa yayyenka ba. Sai ka tafi babu albarkata, kuma babu ko ɗaya daga abin da na sani. Na bar ka ka hau kan jirgi da ido rufe kamar yadda na hau.

Malam Sule ya ajiye alƙalami yanzu ya ce mani, "Baba, to ka ce ya dawo mana." Na ce rubuta abin da anka ce maka. In ka dawo, wani ɗan za a sa a kujerar, wanda ubansa bai taɓa gaya mashi kome game da jiniya ba. Mutanen da ke bisa dogon nan gara su samu wanda ya sani.

Ban ce tsorona kuskure ne ba, kuma ba zan ce ba. Yana nan. Kullum da hantsi in na tuna kana can sai ya taso mani. Amma ka tambaye ni abu ɗaya, ga amsarsa. Na yarda, Haruna. Na sa Malam Sule ya karanta mani wurin nan don in tabbata ya rubuta. Na yarda, na sa maka albarka, duniya da lahira.

Allah ya kai ka Ikko lafiya. Allah ya buɗe kunnen duk wanda ke gabanka, ya sauƙaƙa ƙafarsa. Allah ya sa ka tsufa a aikin yaran gari ba su sa maka suna ba. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci, ta ba direban mota ƙullin yaji da daddawa, ka tambaye shi kada ya cinye.

Ka busa tun daga nesa.

Ni ne mahaifinka,
Mamman, wanda ake kira Baba Kauce.